Wankin Kara Domin Wuta, Da Inda Za A Kai Ruwan Wankin

Yanzu da kaka ta yi, an yanke dawa, an cire gyaɗa, an casa shinkafa, duk inda mutum ya duba a bakin gari sai ya ga kara a jingine, ga tulin ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa a bayan gidajen injin. Itacen wuta kuwa kullum sai ƙara tsada yake yi, masu saransa suna ta ƙara nisa cikin daji. Saboda haka mutane da yawa sun koma ga waɗannan abubuwa da gona ke bari, suna hura wuta da su. Akwai masu gidan burodi, da masu gumar shinkafa, da masu dafa mazarƙwaila, da kuma samarin da ke ƙona kara ya zama gawayi, su daka, su kwaɓa da kokon rogo, su cura, su kai kasuwa.

Kukan da dukansu ke yi ɗaya ne. Sun ce wutar kara tana tara toka mai yawa, tokar kuma idan wuta ta yi ƙarfi sai ta dunƙule kamar kashin maƙera, ta toshe ƙofar iska. Ƙarfen murhu da gindin tukunya kuwa ba su daɗewa sai su huje. Wannan abu yana da dalili, yana kuma da magani. Maganin shi ne ruwa. Amma ruwan nan, bayan ya gama aikinsa, ko dai ya zama taki ko ya zama guba, gwargwadon inda aka zuba shi.

Abin Da Ke Cikin Kara

Ba a buƙatar gilashin likita kafin a gane abin da ke cikin kara, domin tsofaffin mata sun daɗe da saninsa. Idan mace ta rasa kanwa, takan ƙona karan gero ko na dawa, ta tara tokar a cikin ƙwarya mai huji, ta zuba ruwa a kai, ta tara abin da ya tsiyayo. Wannan shi ne ruwan toka, wanda ake sa wa miyar kuka da ta kuɓewa, ake kuma yin sabulun salo da shi. Marina ma suna zuba toka a karofi. Abin da ke ba ruwan toka kaifi da santsi wani gishiri ne da ake kira fotash. Shi ne harafin K da ke rubuce a jikin buhun takin zamani. Shuka tana shan sa daga ƙasa, amma ba ta kai shi cikin ƙwaya sai kaɗan. A shinkafa, kashi 80 cikin 100 na fotash ɗin da ta sha, ko ma fiye, yana nan cikin tattakarta bayan an casa.

Tare da fotash akwai wani abu da ake kira kilorin, watau ɗaya daga cikin abubuwa biyu da suka haɗu suka zama gishirin miya. Akwai kuma wani abu mai kama da yashi wanda shuka ke gina jikinta da shi, shi ne ke sa ganyen shinkafa da na rake kaifi har su yanki hannu.

To, ga yadda ɓarnar take. Busasshen ice mai kyau, in an ƙona kilo 100, tokar da zai bari ba ta cika wuce kilo 1 ba, kuma ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1,200. Karan alkama yakan bar kilo 4 zuwa 6. Tattakar shinkafa takan bar kilo 15 zuwa 20. Tokar kara kuwa tun wajen digiri 800 zuwa 900 take fara laushi, domin fotash in ya gamu da yashi cikin wuta sai ya narkar da shi. Da irin wannan dabara ce masu aikin gilashi na Bida suke narkar da yashi da kanwa a da, su yi munduwa da duwatsun wuya. Abin da su suke nema da gangan, shi ke faruwa cikin tandar mai burodi ba da sonsa ba. Shi kuma kilorin yakan bi hayaƙi ya tashi, ya lafe a jikin ƙarfe, ya yi ta cin sa.

Abin farin ciki shi ne fotash da kilorin ba su kama jikin kara sosai ba. Ruwa kawai yana fitar da su, ko da ba a ƙona karan ba tukuna.

Yadda Aka Gane A Waɗansu Ƙasashe

A ƙasar Danmak ta Turai an hana manoma ƙona karan alkama da na sha'ir a gona tun 1990. A 1993 kuma gwamnatinsu ta ƙulla shawarar cewa gidajen wutar lantarki su riƙa ƙona kara mai yawa a madadin kwal. Ba a daɗe ba ma'aikatan gidajen suka ga bututun tukwanensu suna lalacewa. Suka kuma lura cewa kara iri biyu ake kawo musu. Akwai wanda aka ɗaure da zarar an girbe, yana nan rawaya fes. Akwai wanda aka bari a gona ruwan sama ya doke shi har ya yi furfura. Mai kyan ganin shi ke cin ƙarfe, mai furfurar kuwa ya fi lafiya a wuta, domin ruwan sama ya riga ya wanke gishirinsa ya mayar wa gona.

A jihar Kalifoniya ta Amurka ma an yi doka a 1991 ta rage ƙona tattakar shinkafa a gona saboda hayaƙi. Malaman jami'ar da ke garin Debis suka shiga gwajin wanke tattakar, suka samu cewa ruwa yana iya fitar da kimanin kashi 80 cikin 100 na fotash, da kimanin kashi 90 na kilorin, tokar kuma ta daina narkewa da wuri.

Amma dabarar mutanen Danmak ba ta zauna daidai da ƙasar Hausa ba, domin a nan ana yanke dawa bayan ruwa ya ɗauke, babu abin da zai doki karanta sai raɓa da ƙura. Iri biyu ne kaɗai ke samun wankin Allah. Na farko karan gero, wanda ake girbewa ana sauran ruwa, a kwantar da shi cikin kwari. Na biyu tattakar shinkafar rani, wadda ake casawa gab da faɗuwar damina. Wanda ke da waɗannan, ya bar su su sha ruwa biyu ko uku, sa'an nan ya kwashe kafin gara da ruɓa su riga shi. Sauran kuwa sai an wanke da hannu.

Yadda Ake Wankewa

1. A fara ware abin da dabbobi za su ci, da na shinge da jinka. Harawa ba abin wuta ba ce. Abin da ya ragu shi ake maganarsa.

2. A karkaɗe ƙasa daga jikin karan, a sare saiwar a bar ta a gona. A daddatsa shi guntu-guntu kamar tsawon yatsa, domin ruwa ta bakin yanka yake shiga. Totuwar masara a farfasa ta. Ɓawon gyaɗa ba ya bukatar yanka.

3. A zuba cikin ganga ko kwami mai siminti. Gangar da ke cin lita 200 takan ɗauki kamar kilo 10 na yankakken kara. A ɗora katako da dutse a kai don kada ya taso, a cika da ruwa har ya rufe shi.

4. A jiƙa da yamma, a tsame da safe. Kada a bari ya wuce kwana ɗaya, gama daga nan sai ya fara tsami, abin da wuta za ta ci ya riƙa zubewa cikin ruwan. Ruwan zafi ya fi sauri, amma wanda ya ƙona ice don ya dafa ruwan wanke kara bai yi riba ba.

5. A tsame a zuba cikin kwando a kan gangar, a danne, ruwan ya koma ciki.

6. A shanya a kan rumfa, ko tabarma, ko daɓe. Kada a shanya a ƙasa, domin yashin da zai manne masa zai mayar da tokar da aka rage. Iskar hunturu takan busar da shi cikin 'yan kwanaki in ana juyawa. Sai ya bushe ƙayau, ya karye da ƙara, sa'an nan a kai shi wuta ko a ƙona shi gawayi. Jiƙaƙƙen kara hayaƙi ne kawai, domin wutar za ta ƙare wajen busar da shi.

Wanda ke son ya tabbatar wa kansa, ya ƙona damƙi ɗaya na wankakke, da damƙi ɗaya na wanda ba a wanke ba, kowanne daban. Ya tsiyaye tokarsu da ruwa daidai wa daida, ya murza tsakanin yatsunsa. Zai ji ɗaya yana santsi kamar sabulu, ɗayan kuwa bai fi ruwa da yawa ba.

Sai dai a lura da buntun shinkafa. Tokarsa takan kai kashi 20 cikin 100, amma kusan dukanta irin yashin nan ne, ruwa kuwa ba ya narkar da yashi. Ko an wanke shi sau goma tokarsa tana nan. Maganin buntu shi ne murhu mai raga da wurin kwashe toka.

Ruwan Wankin

Nan ne hankali ya fi amfani. Ruwan da aka tsame kara daga ciki yakan fito ja-ja kamar shayi. Abu uku ne a cikinsa: fotash, da kilorin, da zaƙi da sauran romon kara. Na farko abincin shuka ne. Na biyu in ya yi yawa cuta ne. Na uku shi ke ruɓewa.

A fara da lissafi. Tan 1 na busasshiyar tattakar shinkafa, watau kilo 1,000, yana ɗauke da fotash kamar wanda ke cikin buhu 2 na takin kamfa mai lamba 15-15-15. In an wanke tan ɗin, mafi yawan wannan fotash yana cikin ruwan. Ashe wanda ya tuntsurar da gangarsa cikin kwata, kuɗin taki ya zubar. Fotash ɗin nan kuwa bashin gona ne. Daga cikinta ya fito, in kuma shekara da shekaru ana kwashe kara ba a mayar mata da kome, za ta gaji, kara ya riƙa fitowa siriri, iska tana kwantar da shi.

Har ila yau, tan 1 ganga 100 ke nan, ruwansa kuwa lita 15,000 ko fiye. Wannan ba ruwan da mutum zai saya a hannun 'yan garuwa ba ne, ba kuma ruwan da za a watsar a tsakar gida ba ne. Saboda haka wurin wankin kara shi ne bakin lambu. Ruwan da dā ma za a yi ban ruwa da shi, shi za a fara jiƙa kara da shi, da safe a sake shi cikin kwamin shuka. Ta haka ba a ɓata ko guga ɗaya ba, an kuma ƙara wa ruwan abinci. Ayaba, da rake, da rogo, da dankalin Hausa, da gwanda duk masu son fotash ne.

Hanya ta biyu ita ce ramin taki. Da rani takin gargajiya ba ya ruɓewa da kyau saboda rashin laima. In ana zuba masa ruwan wankin kara, zaƙin da ke ciki yana taimakon ruɓar, fotash ɗin kuma ya zauna cikin takin har a kai gona da bazara. Wanda ke da rijiyar iskar girki ta kashin shanu, yana iya dama kashin da wannan ruwa.

Ga kuma inda ba za a kai shi ba.

Kada a sake shi cikin rafi, ko tafki, ko kududdufin da ake kiwon kifi. Romon nan in ya shiga ruwa, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan taru su ci shi, suna cinye iskar da ke cikin ruwan. Kifi kuwa da wannan iska yake numfashi. In ta ƙare sai a wayi gari a ga kifi ya taso sama ya mutu, ruwan ya yi baƙi yana wari, dabbobi su ƙi sha. Ganga ɗaya ba za ta yi wannan ba, amma mutum 20 a bakin tafki ɗaya da rani za su yi.

Kada a zuba shi kusa da rijiya. A bar aƙalla mita 30 tsakani, kuma ta wajen gangare, yadda ba zai bi ƙasa ya koma rijiyar ba.

Kada a bar shi kwance. Bayan kwana biyu zai yi kumfa ya yi ɗoyi, sauro kuma daga ƙwai zuwa mai cizo mako ɗaya ne ko kwana goma. Ruwan da aka tsame da safe a yi aiki da shi kafin rana ta faɗi.

Kada a ba dabbobi, balle mutum. Karan auduga da duk wanda aka yi wa feshin maganin ƙwari gab da girbi, ruwansa ramin taki kaɗai ya dace da shi.

Kada a zuba wa iri a gadon reno, domin ƙaramar saiwa ba ta jure gishiri. Taba da dankalin Turawa ba su son kilorin, albasa ma ba ta son gishiri, sai a kauce musu. In an maimaita ruwa ɗaya an jiƙa kara sau biyu, ƙarfinsa ya ƙaru, sai a surka shi da ruwa mai kyau kafin a sake shi. Kada kuma a riƙa zuba wa kwami ɗaya kullum. Fadamar da ruwa ba ya wucewa cikinta, in gishiri ya taru sai a ga farin abu a fuskar ƙasa kamar an barbaɗa kanwa, bakin ganye yana ƙonewa. Wanda ya ga haka ya tsaya, ya kwarara ruwa mai kyau ya wanke wurin.

Akwai gwaji mai sauƙi ga wanda ke shakkar ruwansa. Ya cika ƙwarya biyu da ƙasa iri ɗaya, ya shuka ƙwayar wake 10 a kowacce. Ɗaya ya riƙa ba ta ruwan rijiya, ɗaya ruwan wanki. Bayan mako guda ya ƙirga waɗanda suka tsiro, ya duba tsawonsu. In na ruwan wanki sun kasa, ruwan yana bukatar surki.

A kuma sani wannan ruwa bai isa ya maye gurbin taki ba. Fotash ne ƙarfinsa. Abin da ke sa ganye kore, wanda ake samu a yuriya, da wanda ke ƙarfafa saiwa, wanda ake samu a takin sufa, kaɗan ne a cikinsa.

Na Manyan Masana'antu

Ban da ruwan sanyi, akwai hanyoyin da masana'antu ke bi. Waɗansu sukan sa ruwan asid domin ya ƙara fitar da gishiri. Waɗansu kuma sukan dafa jiƙaƙƙen shara cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe a zafin digiri 180 zuwa 250, har ya koma baƙi kamar kwal cikin 'yan sa'o'i. Wani masani Bajamushe mai suna Bergius ne ya bayyana wannan hanya a 1913. Makamashin da take bayarwa yana da kyau, amma ruwan da ke fita baƙi ne, mai tsami, yana kuma ɗauke da abubuwan da ke hana iri tsirowa in ba a surka ko an tace ba. Wannan ba irin ruwan gangar manomi ba ne. In wani ya zo gari yana neman filin kafa irin wannan aiki, ya kamata mai gari da dattawa su tambaye shi inda ruwansa zai bi tun kafin su tambaye shi mutum nawa zai ɗauka aiki. A Nijeriya akwai hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ikon duba ruwan da masana'antu ke fitarwa. Kada garin neman gira a rasa ido.

Wa Aikin Zai Amfana?

Ba kowa ne wankin kara zai biya ba. Uwargidan da ke tuwo a murhun duwatsu uku, wutarta ba ta kai ta narkar da toka, ba ta da bukatar wannan wahala. Abin da ya kamace ta shi ne ta tara tokarta a wurin da ruwa ba ya taɓawa, a kai gona, gama fotash ɗin yana cikinta. Wanki kuma ba ya mayar da kara ya zama kirya ko marke. Zafin da yake ƙarawa kaɗan ne, nauyin karan ma yakan ɗan ragu. Amfaninsa shi ne ƙarancin toka, da tokar da ba ta dunƙulewa, da ƙarfen da zai daɗe.

Waɗanda zai biya su ne masu wuta mai ƙarfi ta yini guda, waɗanda ke kashe kuɗi wajen maƙeri da mai walda kowane 'yan watanni, da kuma masu curin gawayi da ke son mai saye ya dawo. Shi kuma ɗan kasuwa mai sayen curin a kan sikeli, ya fasa ɗaya ya duba cikinsa, domin wanda bai bushe ba ruwa ake sayar masa da kuɗin gawayi.

Mafi kyau shi ne mai tanda da mai lambu su haɗa kai. Mai tanda ya kawo gangunansa bakin lambu, mai lambu ya ba da ruwa, ɗaya ya tafi da wankakken kara, ɗaya ya rage sayen taki. Wanda zai fara, ya fara da ganga ɗaya da kwami ɗaya, ya rubuta abin da ya gani har mako huɗu, sa'an nan ya nuna wa malamin gona na yankinsa kafin ya faɗaɗa.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za a yi bayanin yadda ake ƙona wankakken kara cikin ganga ya zama gawayi, da yadda ake auna kokon da za a cura shi da shi.